Daga wane gida sikila ta shigo mana? Amsa ga wani saurayi daga Wamakko

Wani saurayi daga Wamakko ya aiko mini da tambaya, ya roƙi in sakaya sunansa. An sa ranar aurensa da ɗiyar baffansa bayan Babbar Salla, sai gwajin jini ya nuna shi da ita duk AS ne, wato kowannensu na ɗauke da gadon sikila (S) guda tare da lafiyayye (A) guda, ba tare da yana ciwon ba. Da magana ta kai kunnen kakarsu, wadda ta haifi iyayensu maza, sai ta ce, "Mu dai ba mu gaji wagga cuta ba, can wajen uwar yarinya anka kwaso ta," saboda uwar yarinyar ba 'yar dangi ba ce, daga wani gari aka auro ta. Yana son ya san inda sikila ta samo asali, da gaskiyar abin da ake faɗa cewa Fulanin asali ba su da ita, da kuma wani abu da ya karanta ya tayar masa da hankali, wai sikila hujja ce ta juyin halitta. A ƙarshe ya ce, "Malam, in kai ne ni, mi za ka yi?"

Ƙanena, Allah ya ba ka haƙuri, ya ba yarinyar nan ma, don na san ita abin ya fi yi wa nauyi tunda mahaifiyarta ake ambata. Na daɗe ina koyar da ilimin gadon halitta a nan Sakkwato, na kuma zauna da iyayen yara masu sikila ba adadi, kuma da wuya in shiga gida ban tarar da wata mace da aka ɗora wa laifin ba. Shi ya sa da wannan zan fara. Kai ma AS ne. Wannan S da ke jikinka ta hanya biyu kawai za ta iya isowa gare ka, ko daga mahaifinka ko daga mahaifiyarka. Matar baffanka ba ta haife ka ba, ba ta da yadda za ta ba ka ita. Tunda kuwa mahaifinka da mahaifin yarinyar uwa ɗaya uba ɗaya suke, yana yiwuwa ƙwarai ku biyun daga tushe guda kuka ɗauko, wato daga kakanku namiji ko daga ita Kaka da kanta. Ban faɗi haka don a je a mayar mata da magana ba. Abin da idonta ya gani take faɗa: ta raini 'ya'ya sun girma ƙarfafa, suna noma suna kiwo, ba ta ga mai kwanciya da ciwon ƙashi ba. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana iya kai shekara 90 bai san yana ɗauke da komai ba.

Ga yadda abin yake a ciki. An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma a cikinsu akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA. Haruffansa iri huɗu ne kacal, amma jerinsu a kwafi guda ya kai kimanin biliyan 3. An naɗe shi a dunƙule 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba, don haka kowane umarni kwafi biyu ne a jikinka. A kan kuromosom na 11 akwai umarnin ƙera wani ɓangare na himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, mai ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sauran jiki. Duk wanda ya yi karatun allo ya san ɗigo ɗaya ke raba ba da nun. In mai kwafin littafi ya sa ɗigon a sama maimakon ƙasa, kalma ta sauya, kuma duk wanda ya kwafa daga nasa haka zai kwafa har illa masha Allah. To haka ya faru a nan: inda aka saba samun haruffan GAG sai aka samu GTG, kuma wannan kwafi mai sauyin shi ake kira S, na asalin kuwa A. Wannan ɓangare na himogulobin kamar carbi yake mai 'ya'ya 146, kuma ɗa na shida kaɗai harafin ya sauya. Sai dai wannan ɗan sauyi yana sa himogulobin ya riƙa mannewa da juna duk lokacin da oksijin ya yi ƙasa, ya zama dogayen tsinkaye, sai ƙwayar jinin da ya kamata ta zama zagayayya mai laushi ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri. Tana toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan azabar ciwon ƙashi ke zuwa. Tana kuma mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120, daga nan ƙarancin jini da rawayan ido ke zuwa. Jariri ba ya nuna alama a watannin farko, domin yana aiki da irin himogulobin da ya zo da shi daga ciki. Sai wajen wata shida, da wancan ya ja baya, uwa ta ga bayan hannu da ƙafa sun kumbura, yaro yana kuka ba ya son a taɓa shi. Sanyin hunturu na tayar da ciwon, haka ma ƙishirwar bazara, kuma ka san yadda Sakkwato take a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40.

Wanda ya gaji S ɗaya da A ɗaya, kwafin A yana isarsa. Wanda ya gaji S daga ɓangare biyu shi ne SS, mai amosanin jini. Ka ɗauka kai da ita kowa na da aljihu mai goro biyu, fari da ja. Duk cikin da aka samu, kowannenku zai sa hannu ba tare da ya duba ba ya zaro guda, sannan ya mayar. Fari da fari AA ke nan, fari da ja ko ja da fari AS, ja da ja SS. Hanya huɗu, ɗaya daga ciki SS. Inda mutane ke ruɗewa shi ne su ɗauka in an haifi huɗu ɗaya ne zai yi, sauran sun tsira. Goron ana mayar da shi aljihu, ciki bai san abin da ya samu wanda ya gabace shi ba. Na ga gidan da uku a jere suka zo SS, na ga gidan da biyar suka zo ba ko ɗaya. Amma in za ku haifi shida, kamar yadda gidajenmu suka saba, lissafi ya nuna a cikin ma'aurata 100 irinku kusan 82 za su samu aƙalla ɗa guda mai sikila.

Wannan ɓoyayyen gado da ke tsallake iyaye ya bayyana ga jikoki ba baƙo ba ne a iliminmu. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wajen Manzon Allah (SAW) yana cewa matarsa ta haifi yaro baƙi, yana nuna shakka. Aka tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce e, jajaye. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. Daga ina ya samo launin? Ya ce wataƙila wata jijiya ce ta can baya ta fizgo shi. Aka ce masa to ɗanka ma wataƙila haka ne. Ka lura, hadisin ya zo ne yana kare mace daga zargi. Idan muka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, sau da yawa ta yi, ruwan ne ba mu ga ƙasansa ba.

Yanzu tambayar da ta daɗe tana damun masana. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar nan kowace shekara, fiye da kowace ƙasa. Abin da ke kashe yara kafin su kai ga haihuwa ai kamata ya yi ya ƙare da kansa, tunda duk yaron da ya rasu ya tafi da S biyu. Me ya riƙe shi har ya yi yawa haka? Wani likita da ya tashi a Kenya, Anthony Allison, ya lura cewa masu AS sun yi yawa a bakin teku da kewayen Tafkin Biktoriya, inda sauro ya yi katutu, sun kuma yi ƙaranci a kan tsaunuka masu sanyi. A 1954 ya wallafa bayaninsa: AS na kare mutum daga mugun zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar maleriya a cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama ta hayayyafa. A jikin mai AS gidan ba ya yi mata daɗi, ƙwayar jinin da ta shiga takan lanƙwashe, saifa ta tsince ta ta halaka ta tun cutar ba ta yi ƙarfi ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna yaro mai AS yana samun kariyar da ta kai kusan kashi 90 cikin 100 daga maleriya mai tsanani, irin mai sa suma da jijjiga da ƙonewar jini. Yana kamuwa da zazzaɓin, kada ka ajiye gidan sauro, amma da wuya ya kai shi kabari.

An ga wannan a ƙasar Hausa, ba sai an je Kenya ba. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban binciken maleriya a ƙauyukan Garki, cikin Jihar Jigawa ta yau. Da aka auna jinin jama'a, kusan 2 cikin 100 na jarirai SS ne, amma a cikin manya da ƙyar ake samun ko ɗaya, domin fiye da 9 cikin 10 ba su kai shekara biyar ba. Masu AS kuwa kasonsu ya fi yawa a cikin waɗanda suka girma a kan yadda yake a cikin jarirai, alamar cewa zazzaɓi ya fi ɗaukar masu AA. Duk lokacin da na karanta waɗannan alƙaluma sai in tuna iyayenmu mata da ake ce wa masu wabi, da yaran da aka raɗa wa Ajuji ko Ayashe don a ga ko za su tsaya. A ganina da yawa daga cikin waɗancan ƙananan kaburbura sikila ce da maleriya, ba a dai san sunansu ba. In kana da hali wata rana, cikin ladabi, ka tambayi Kaka 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka rayu, haka ma mahaifiyarta.

Ka hango fadamar Rima da damina, daga Goronyo zuwa Wurno har Wamakko inda kake, ruwa kwance ko'ina, shekara bayan shekara, tun kafin a san kwinin ko gidan sauro. A kowane ƙarni zazzaɓi na rage masu AA, sikila na ɗauke masu SS, masu AS ne suka fi tsallakewa su girma su haifa. Haka S ta tsaya a tsakiya, ba ta ƙare ba, ba ta kuma mamaye kowa ba. Abin da ke jininka alama ce ta cewa kakanninka sun zauna a ƙasar sauro sun rayu.

Game da mafarinta, a 2018 wasu masana biyu a Amurka, ɗayansu ɗan Najeriya ne, Charles Rotimi, sun bi diddigin rubutun da ke kewaye da harafin a jikin mutane kusan 3,000, suka ce sau ɗaya sauyin ya faru, a jikin mutum guda, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, a Afirka. Lokacin nan Sahara kore ce, da tafkuna da kifi da dorina, kamar yadda tsohuwar maƙabartar Gobero a Jamhuriyar Nijar ta nuna. Da noma ya yaɗu, aka sare daji, aka zauna wuri guda kusa da ruwa, sai sauro ya samu abin da yake so, S ma ta samu dalilin yawaita. Yau akwai ta a gabashin Saudiyya, da tsakiyar Indiya, da Girka, da kudancin Italiya, cikin mutanen da fatarsu ba irin tamu ba. Ga kuma Zulu na Afirka ta Kudu da mutanen tsaunukan Habasha, 'yan Afirka ne kamar mu, amma ba kasafai ake samunta a cikinsu ba. Taswirar sikila taswirar sauro take bi. Kuma ba ita kaɗai ce garkuwar da zazzaɓi ya bar mana ba. Akwai himogulobin C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, kuma in ya haɗu da S yana ba da ciwon SC, don haka mai AS ya kula da AC ma. Sannan kusan dukan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata ƙofa a jikin ƙwayar jininsu da ake kira Dafi, wadda wani nau'in maleriya da ya addabi Indiya ke bi ya shiga.

Wannan ne abin da ka karanta ana kira juyin halitta, kuma ban ga abin tashin hankali a cikinsa ba. Ma'anarsa a nan ita ce wata siffa ta gado ta yawaita ko ta ragu a cikin jama'a saboda masu ita sun fi rayuwa da haihuwa. Ka gan shi da idonka. Kulorokwin ya yi shekaru yana warkar da zazzaɓi, sai 'yan ƙwayoyin cutar da ke jure masa suka rage suka hayayyafa, har Najeriya ta bar shi a 2005 ta koma magungunan da ake haɗawa da atemisinin. Makiyayi ma ya san shi. Jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna har Turai, da Bokoloji mai gajeren ƙaho, da Rahaji mai dogon ƙaho, duk zaɓen wanda za a bari ya yi barbara ne ya fitar da su tsawon zamani. Bambancin kawai shi ne a wajen sikila sauro ne ya zama sababin zaɓen. Ni Musulmi ne, kuma sanin sababi bai taɓa rage mini imani da Mai sabbabawa ba. Masana suna da dogon bayani a kan tsofaffin ƙasusuwa da abin da ya gabaci mutanen yau, wannan zama ne na daban da ya cancanci a yi shi a natse, amma ba ka buƙatar warware shi kafin ka gane abin da ke jininka.

Sai maganar Fulani, kuma a nan akwai ƙwayar gaskiya da aka lulluɓe da kuskure. A 1996 an wallafa wani bincike daga Burkina Faso da ya kwatanta Fulani da maƙwabtansu Mosi da Rimaiɓe, ƙauyuka kusa da juna, sauro iri ɗaya na cizonsu. Fulanin sun fi ƙarancin ƙwayar cutar a jini, sun fi ƙarancin kwanciya, garkuwar jikinsu ta fi mayar da martani, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna ba yawan S ko C ne ya ba su wannan ba. Wata hanya ce ta daban jikinsu ya bi. Haka batun madara. Kowane jariri na da sinadarin narkar da sukarin madara, amma a wajen kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya yana raguwa bayan yaye, shi ya sa wani in ya sha ɗanyar madara cikinsa ke ƙugi ya yi ta zawo. Wani bincike da aka yi a Najeriya a 1971 ya samu yawancin Fulanin ruga suna narkar da ita har girma, Yarbawa da Ibo kusan duka ba sa iyawa, mutanen biranen Arewa kuma suna tsakani. Dubban shekaru na rayuwa a bayan saniya ne suka yi wannan, domin a shekarar fari da yunwa yaron da madara ke karɓa shi ke tsira. Abin da ke burge ni shi ne makiyayan Kenya da Tanzaniya sun samu wannan baiwa ta wani harafi daban, Larabawa masu raƙuma ta wani daban, Fulani kuwa irin na Turawa da wasu mutanen Arewacin Afirka suke ɗauke da shi. Wanda madara ba ta karɓa kuma, matan Fulani sun daɗe da sama masa mafita, don in ta kwana ta zama nono ko kindirmo sukarin ya ragu, sai ya dama furarsa lafiya.

To amma Fulani na yin sikila. Na zauna da iyaye daga ruga, masu shanu, waɗanda ko Hausa ba ta zauna bakinsu ba, da yaro SS a cinya. Balle a ƙasar Sakkwato, inda tun jihadin 1804 da kafa birnin a 1809 Toronkawa da Sulluɓawa da Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa da Adarawa da Zabarmawa da Buzaye ke auren juna. Asalin da muke faɗa layin uba ne kawai, uban uban uba. Amma in ka koma baya hawa takwas kana da gurbin kakanni 256, kuma sunan gidanku na mutum ɗaya ne a cikinsu. Sauran, mafi yawansu ba wanda ya riƙe sunansu, duk sun zuba a jininka.

Shi ya sa kalmar tsarkin jini ba ta da gurbi a wannan ilimi. Duk mutum biyu da ka ɗauko a duniya, rubutunsu ya yi daidai a kusan kashi 99.9 cikin 100. Ɗan abin da ya rage ma, wani masanin gadon halitta, Richard Lewontin, ya nuna tun 1972 cewa kimanin kashi 85 cikin 100 nasa a cikin kowace al'umma yake, tsakanin mutum da maƙwabcinsa, kaɗan ne ke raba al'umma da al'umma. Afirka kuma ta fi ko'ina yawan bambanci, domin a nan ɗan Adam ya fi daɗewa: ƙasusuwan mutanen da aka tono a Jabal Irhud a Maroko sun kai kimanin shekara 300,000, waɗanda suka fita suka cika sauran duniya kuwa ƙaramin reshe ne da ya bar nahiyar shekara 60,000 zuwa 70,000 da suka wuce. Launin fata da muke ba muhimmanci har a zaɓen mata, shi ma amsa ce ga rana. Baƙar fata laima ce daga haskenta mai ƙuna, farar fata kuma ta yawaita inda rana ta yi ƙaranci don jiki ya samu ƙera bitamin D. Yana ɓata mini rai in ga 'yan matanmu na kankare wannan laima da man shafawa a gari mai rana irin namu, alhali Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyin Allah. Kowane mutum, ko ɗan gidan wa ne, yana ɗauke da wasu ɓoyayyun haruffa masu cutarwa da ba za su bayyana ba sai sun gamu da irinsu.

A nan auren zumunci ke shigowa, kuma ba na cikin masu yi masa kuɗin goro. Ya riƙe gidaje, ya riƙe marayu. Ga lissafinsa a kan sikila: in mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, to aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS biyu ko da bare ne da bare, kuma kusan jarirai 16 cikin 1,000 za su zo SS. Tsakanin 'ya'yan wa da ƙane adadin yana hawa zuwa wajen 22 cikin 1,000. Ƙari ne, amma ba shi ne tushen matsalar ba, S ta riga ta yi yawa a gari. Inda auren gida ya fi tasiri shi ne cututtukan gado da ba a cika samu ba, irin wasu nau'o'in kurumta, musamman in an maimaita shi hawa bayan hawa. Ku kuwa da kuka riga kuka san sakamakonku, ɗaya cikin huɗu ne, ko 'yar baffanka ce ko daga Agadas ta zo.

Ka ce in ni ne kai. Da farko zan sake gwajin, ni da ita, a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, in tabbatar gwajin da ke rarrabe nau'o'in himogulobin aka yi, domin akwai ƙaramin gwaji da ke nuna akwai S kawai ba ya bambance AS da SS. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce ya jira tukuna. Kada kuma a rikita wannan da rukunin jini na A da B da O, abu biyu ne daban. In sakamako ya dawo yadda yake, ni dai zan haƙura, kuma zan gaya maka dalili ba tare da kwana-kwana ba: na ga dare a ɗakin yara, na ga uwa riƙe da ɗan shekara huɗu yana ihu ba inda za ta taɓa, uba na zagaye neman jini da kuɗin da ba shi da su. Ba ku kaɗai za ku ɗauki nauyin ba, akwai wanda ba a yi shawara da shi ba. Tawakkali kuma bai hana ɗaure raƙumi. Amma hukuncin naku ne ku biyu, kuma ita ma a ji ta bakinta, kada a yanke a zaure a aika mata.

In kuka zaɓi ci gaba, ku shiga da ido buɗe. A gwada kowane jariri da wuri. Mai SS da aka gano tun yana ƙarami, yana shan fenisilin da folik asid, an yi masa rigakafi cikakke, yana kwana a gidan sauro, ana ba shi ruwa sosai, ana kai shi asibiti ranar da zazzaɓi ya fara, rayuwarsa ta sha bamban da ta yaran Garki. Akwai maganin haidiroksiyuriya mai rage yawan tashin ciwo, wanda bincike a Kano ya nuna yana taimakawa wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Dashen ɓargo na warkarwa, an fara yin sa a Najeriya a Benin a 2011, sai dai tsada da samun ɗan'uwan da ya dace sun sa kaɗan ke kai wa gare shi. Ina da ɗalibai masu SS da suka gama karatu, suka auri masu AA, suka haifi 'ya'ya lafiyayyu, don haka kada wannan magana ta zama abin gori ga kowa.

Kaka kuwa, kada ka tunkare ta da takardar asibiti. Ka samu mahaifinka da Baffa tare, ka roƙe su su yi gwajin su ma, da iyayenku mata in sun yarda, don kowa ya ga ta inda abin ya biyo, a sauke wa matar Baffa wannan kaya. Su ne za su san yadda za su shigar wa mahaifiyarsu da maganar. Sannan ƙannenka da ƙannenta, maza da mata, duk a gwada su tun yanzu kafin wani ya fara zance, musamman waɗanda aka riga aka yi wa kamu a cikin dangi. Gida zai cika da Salla, lokacin ya dace a kwashe su gaba ɗaya a kai su.